Numfashin tsutsar tururuwa

Numfashin tsutsar tururuwa shi ne yadda 'ya'yan tururuwa, a matakin da ke tsakanin ƙwai da kwanciyar rikiɗa, ke shaƙar iskar oksijin suna fitar da iskar kabon dayoksaid. Tsutsar ba ta da huhu. Iska na shiga ne ta ƙananan ƙofofi guda 20, goma a kowane gefen jiki, sannan ta bi siraran bututu zuwa cikin tsoka.

Tasirin zafi

Jikin tsutsa ba ya samar da ɗumin kansa, zafinsa yana bin na wurin da take kwance. Idan zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Selshiyos, yawan oksijin da take sha yakan kusan ninkawa biyu, muddin zafin bai wuce abin da za ta iya jurewa ba. Hakan na hanzarta girma, amma yana ƙara buƙatar abinci da asarar ruwan jiki. Tun da tsutsa ba ta da ƙafafu, ma'aikatan gida ne ke ɗaukar ta zuwa ɗakin da ya dace. A 1989, Flavio Roces da Josué Núñez sun nuna cewa ma'aikatan Camponotus mus, wata tururuwar Ajantina, na sauya wa 'ya'yansu wuri kullum tsakanin kusan digiri 27.5 da 30.8.

Lokutan shekara

A Turai, tsutsar Myrmica rubra na shiga dogon hutu a lokacin sanyi: girma ya tsaya, numfashi ya ragu ƙwarai.

A ƙasar Hausa sanyi bai kai haka ba. A kudancin Jihar Jigawa, kamar Maruta a ƙaramar hukumar Gwaram da kewayen Birnin Kudu, dare yakan yi sanyi da hunturu a Disamba da Janairu, abin da ke rage numfashi da saurin girma. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan kai digiri 40, saman ƙasa ya fi haka, sai ɗakunan can ƙasa masu laima su zama mafaka daga bushewa. Tururuwa mai tara hatsi, irin Messor galla, na kwasar ƙwayar ciyawa da gero da kaka, ta ajiye domin ciyar da gida har rani ya wuce. Wannan ɗiba ce manoma ke gani a gonaki da masussuka.