Harafi Ɗaya Cikin Biliyan Uku

Duk wanda ya zauna a Kongo ya san shagunan fotokwafi da ke kewaye da jami'a. Cikin takardun da ake kawowa akwai wata 'yar ƙarama da masu shirin aure ke riƙewa da hannu biyu: sakamakon gwajin jini. AA, AS ko SS. Mun ga auren da aka sa wa rana ya watse a kan haruffan nan. Tarihinsu kuwa tarihin kwafi ne, irin wanda jikinmu yake yi ba dare ba rana.

A shekarar 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya ba da rahoton wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Grenada wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. Kakanninmu sun riga shi sanin ciwon, amma a jikin 'ya'yansu: kumburin hannu da ƙafa, ciwon ƙashi lokacin sanyi, yaro ya tafi kafin yaye. Wataƙila da yawa cikin waɗanda aka kira 'yan wabi amosanin jini ne ya ɗauke su.

A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, sinadarin da ke dakon iska a jini. Sai a 1953 James Watson da Francis Crick, a Kambirij ta Ingila, suka bayyana siffar DNA, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan. Zare biyu ne a murɗe kamar igiya, kowanne jere da haruffa huɗu: A, T, G da C. A ba ta kama hannun kowa sai T, G kuma sai C.

Mu masu rubuta manhaja nan ne abin ya fi burge mu, domin kowane zare ajiyar ɗan'uwansa ne. Idan ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai ta warware igiyar, ta bi kowane zare tana ɗora masa sabon abokin tafiya harafi bayan harafi. Igiya ɗaya ta zama biyu, kowacce rabinta tsoho rabinta sabo. Matthew Meselson da Franklin Stahl ne suka tabbatar da haka a 1958. Sinadarin da ke rubutun yana duba aikinsa yana gyarawa, shi ya sa kuskuren da ke tsira bai fi ɗaya cikin haruffa biliyan guda ba.

Amma in kuskure ya tsira, kwafi ba ya tambaya. A wannan Kambirij ɗin, tsakanin 1956 da 1957, Vernon Ingram ya gano cewa tubali ɗaya tak ne ya bambanta himogulobin mai sikila da na mai lafiya, na shida a jerin. A rubutun DNA, GAG ce ta koma GTG. Harafi ɗaya ke nan cikin kimanin biliyan uku, ya sauya shekaru dubbai da suka wuce, jiki kuma ya yi ta kwafarsa da amana har ya iso gare mu.

Me ya hana shi ɓacewa? Anthony Allison ya ba da amsa daga Gabashin Afirka a 1954: mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. An ga hakan a ƙasarmu. A shekarun 1970, lokacin aikin binciken zazzaɓi na Hukumar Lafiya ta Duniya a Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, Alan Fleming, farfesan ilimin jini a Jami'ar Ahmadu Bello, da abokan aikinsa sun auna jinin mutanen ƙauyuka. Rahotonsu na 1979 ya nuna AS a kashi 24 cikin ɗari na jarirai, amma kashi 29 a waɗanda suka haura shekara biyar: masu AS sun fi tsallake ƙuruciya. Jarirai kusan biyu cikin ɗari SS ne, kuma da wuya a iske ɗayansu cikin manya. Harafin da ya kare mai kwafi ɗaya daga sauro shi ke kwantar da mai kwafi biyu.

Yau an fara gyara rubutun kansa. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan biyu. A Nijeriya kuwa, inda aka ƙiyasta ana haifar jarirai 150,000 masu sikila duk shekara, abin da ke hannunmu shi ne gwaji, rigakafi da gidan sauro. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Lissafin bai canza ba: idan AS ta auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, ko na fari ne ko na biyar.

Saboda haka gara a nemi takardar nan tun kafin a kai gaisuwar iyaye, ba bayan lefe ya shiga gida ba. Mai AS kuma ba abin kunya ya gada ba. Harafin da ya raya kakanninsa cikin daminar sauro ne yake ɗauke da shi.