Lasisin Giya da Yawon Buɗe Ido a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa

Lasisin giya a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tsari ne na doka da ke fayyace wanda aka yarda ya sayar da barasa, da wanda zai saya, da inda za a sha. Ƙasar tarayya ce ta masarautu bakwai da aka kafa a 1971. Musulunci ne addinin hukuma, amma baƙi 'yan ci-rani sun fi 'yan ƙasa yawa nesa ba kusa ba. Gwamnatin tarayya ke tsara dokar laifuffuka, kowace masarauta kuma tana da hurumin shimfiɗa nata ƙa'idojin. Shi ya sa masarautar Sharja ta haramta giya ɗungurungum tun 1985, alhali a maƙwabciyarta Dubai otal-otal na sayar da ita ga baƙi a fili.

A tsohon tsarin Dubai, mazaunin da ke son ajiye giya a gida sai ya nemi lasisi na kansa. A lokacin ana buƙatar ya kai shekara 21, ya zama ba Musulmi ba, ya kawo takardar amincewar wanda yake yi wa aiki da shaidar hayar gida, sannan ya biya dirhami 270 duk shekara. Kamfanoni biyu ne suka kankane sayarwa: MMI da African + Eastern. Shagunansu ba sa nuna haja ta taga. Mai saye yakan nuna katinsa a kanta, a zuba masa kwalaben cikin leda mai duhu, ya wuce. Izinin shayarwa kuwa galibi a otal-otal da kulob-kulob aka taƙaita shi, don haka gidan abincin da ke son sayar da giya sai ya raɓu da otal.

Wannan raɓuwa ita ce mabuɗin fahimtar lamarin. Man fetur ɗin Dubai bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na masarautar Abu Dhabi, saboda haka tun da wuri gidan sarautar Al Maktoum mai mulkin Dubai ya zuba jari a sufuri da masaukin baƙi. A 1985 gwamnati ta kafa kamfanin jiragen sama na Emirates. A 1999 aka buɗe otal ɗin Burj Al Arab. Abu Dhabi ma ta bi sahu da tseren motoci na Formula 1 a tsibirin Yas tun 2009, da gidan tarihin Louvre a 2017. Kamfanin MMI kansa reshe ne na rukunin Emirates. Ke nan hukumar da ke tsara dokar giya tana da hannun jari a jirgin da ke kawo baƙo da shagon da ke sayar masa da kwalba, kuma duk mai nazarin gyare-gyaren da suka biyo baya ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Sassaucin ya zo ne daki-daki. A 2016 Dubai ta ƙyale wasu otal-otal su riƙa shayarwa da rana a watan Azumi. A 2019 aka fara ba 'yan yawon buɗe ido lasisin kwana 30 kyauta, da fasfo kawai. A Satumban 2020, lokacin da annobar korona ta durƙusar da harkar otal, Abu Dhabi ta soke lasisin ɗaiɗaikun mutane. Wata biyu bayan haka, a Nuwamba, gwamnatin tarayya ta cire hukuncin laifi a kan sha ko mallakar giya ba tare da lasisi ba ga wanda ya kai shekara 21, muddin a gida ne ko wurin da aka ba izini. Gyaran ya zo ana shirin baje-kolin duniya na Expo 2020, wanda annobar ta sa aka ɗage shi zuwa Oktoban 2021.

Mataki mafi girma ta fuskar kuɗi ya zo ranar 1 ga Janairu, 2023, lokacin da Dubai ta dakatar da harajin kashi 30 cikin 100 da take karɓa a kan giya, ta kuma mai da lasisin mazauna kyauta. A lokacin Saudiyya na narkar da dukiya a nata shirin na jawo baƙi, Katar kuma ba ta daɗe da kammala gasar cin kofin duniya ba. Baƙin da suka kwana a Dubai sun kai miliyan 14.36 a 2022, miliyan 17.15 a 2023, sai miliyan 18.72 a 2024. Kuskure ne a jingina wannan hauhawa ga arahar giya kaɗai, domin shekarun farfaɗowa ne daga annoba, kuma ɗimbin baƙin, ciki har da 'yan kasuwar Kano da ke saro kaya a unguwar Deira, babu ruwansu da mashaya. Da otal-otal suka sake cika, sai aka dawo da harajin ranar 1 ga Janairu, 2025. Wannan ya nuna cewa hukuma na kallon harajin a matsayin linzami, ta saki idan kasuwa ta yi sanyi, ta ja idan ta yi zafi.

Akwai iyakokin da ba a taɓa ba. Maye a bainar jama'a laifi ne, haka sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba, kuma direban da aka samu da barasa a jininsa, komai ƙanƙantarta, yana fuskantar tara ko ɗauri. Haramcin giya a Musulunci yana nan daram. Abin da ya sauya shi ne hukuncin da kotu ke yankewa. A yankin Gulf kuwa kowace ƙasa da tafarkinta: Kuwait ta haramta giya gaba ɗaya, Saudiyya da ta hana ta tun 1952 ta buɗe shago guda a Riyad a 2024 domin jami'an diflomasiyya waɗanda ba Musulmi ba, Sharja kuma har yau ba ta janye haramcinta ba.