Inda Ma'aikatan Bogi Suke Ɓuya

Shekara da shekaru ana kukan ma'aikatan bogi a Nijeriya. Kwamitin tantancewa ya zo, a jera ma'aikata a rana, kowa riƙe da takardar ɗaukarsa aiki, amma wata na ƙarewa sai a tarar kuɗin albashi na nan yadda yake. To, a ina waɗannan mutane suke ɓuya?

A cikin jerin albashin kansa suke, kuma ko an kwana ana duba jerin ba za a gane su ba. Sunan bogi yana da mataki, yana da ofis, yana da asusun banki, daidai da na kowa. Ba ya tonuwa sai an aza jerin kusa da wani jeri an tambaya: wane ne yake nan amma babu shi can?

Tun 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa tsarin adana bayanai a jadawali daban-daban, lamba guda na haɗa su. Sai dai haɗin da aka fi yi da harshen kwamfuta na SQL, wato INNER JOIN, waɗanda suka dace kawai yake fitarwa. Duk layin da ba shi da takwara sai ya zubar da shi shiru, alhali shi ake nema. LEFT JOIN kuwa yana riƙe kowane suna na jadawalin farko, inda ya rasa takwara ya bar gurbin fanko, abin da ake kira NULL. Ka tace waɗannan guraben, ga jerin waɗanda za a bincika.

Dabarar tsohuwa ce. Abin da aka daɗe babu shi ne lambar haɗi. Suna ba ya wannan aiki, domin Muhammad, Mohammed da Muhammadu mutum uku ne a wurin kwamfuta. A Fabrairun 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da BVN, lamba mai alƙaluma 11 da aka ɗaure da zanen yatsun mai ita. Da aka gwama ta da jerin albashin tarayya, sai ga sunayen da suka saɓa da na masu asusun, ga kuma masu karɓar albashi fiye da ɗaya. A Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi, ƙarƙashin Kemi Adeosun, ta sanar da cire sunaye 23,846, abin da ya rage naira biliyan 2.29 a wata.

Akwai hattara biyu. Na farko, mai amfani da umarnin NOT IN wajen wannan gwami ya sani, NULL guda a jeri na biyu zai sa a dawo masa da sakamako babu kowa, ya ɗauka komai lafiya. NOT EXISTS ba ta da wannan tarko. Na biyu, rashin takwara ba hujjar sata ba ce. Kuskuren bugun lamba ɗaya ya isa ya hana magidanci haƙƙinsa.

Don haka jihohi da ƙananan hukumomi su riƙa wannan gwami kowane wata kafin biyan albashi, kuma kada a cire sunan kowa sai an kira shi an ji ta bakinsa.