BABI NA BIYU: TARIHIN LITTATTAFAN JAGORA GA MASU SHA'AWAR FIM DA MANAZARTANSA A BIRNIN SAKKWATO

2.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce waiwaye adon tafiya. Bisa wannan ne aka keɓe wannan babi domin bin diddigin rubuce-rubucen da suka zama jagora ga mai kallon fim da kuma ɗalibin da ke nazarinsa, tare da la'akari da halin da mazaunin birnin Sakkwato ya sami kansa a kowane zamani. Za a fara da bayyana ma'anar littafin jagora, sannan a dubi zamanin majigi da gidajen silima, da littattafan farko da suka yi magana a kan fim a Nijeriya, da kuma mujallu da kundayen zamanin bidiyo. Daga ƙarshe za a auna matsayin Sakkwato a cikin waɗannan ayyuka.

2.1 Ma'anar Littafin Jagora da Ire-irensa

A wannan bincike, littafin jagora shi ne duk wani rubutu da ake komawa gare shi domin neman tabbacin wani bayani game da fim, kamar sunansa da shekarar fitowarsa da wanda ya ba da umarni da 'yan wasan da suka fito a ciki. Ana iya kasa irin waɗannan rubuce-rubuce gida uku. Kashi na farko shi ne jerin fina-finai mai ɗauke da taƙaitaccen sharhi, wanda aka tanada domin mai kallo. Misalinsa shi ne littafin Leonard Maltin na Amurka wanda ya fara fitowa a 1969, da Halliwell's Film Guide na Ingila wanda ya fito a 1977. Kashi na biyu shi ne ƙamus na masu sana'ar fim, kamar Encyclopaedia of Indian Cinema na Rajadhyaksha da Willemen (1994), da Dictionary of African Filmmakers na Roy Armes (2008). Kashi na uku kuwa ya ƙunshi littattafan tarihi da nazari, waɗanda ɗalibi ya fi bukata wajen rubuta kundi.

2.2 Al'adar Taskace Tarihin Ilimi a Sakkwato

Tsara sunayen masana da ayyukansu tsohuwar al'ada ce a Sakkwato. A 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. A wannan shekara kuma Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisur, wanda ya ƙunshi tarihin malamai da dama na ƙasar Hausa da Barno. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya bi wannan tafarki, haka ma jikansa na nesa Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997. Ke nan mutanen wannan birni sun daɗe da sanin amfanin rubuta wane ne ya yi me, kuma yaushe. Sai dai wannan kulawa ta tsaya ne ga ilimin addini da tarihin daula. Shi kuwa fim, da ya iso, an ɗauke shi a matsayin wasa da sharholiya, abin da bai cancanci tawada da takarda ba.

2.3 Zamanin Majigi da Gidajen Silima

Hanya biyu fim ya bi ya shigo ƙasar Hausa. Ta farko ita ce majigi na gwamnatin mulkin mallaka. A 1939 aka kafa sashen fina-finan ƙasashen renon Ingila a ƙarƙashin William Sellers, wanda tsohon ma'aikacin lafiya ne a Nijeriya. Motocin majigi kan zaga garuruwa, a kafa allo a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi bayan faɗuwar rana, a nuna fina-finan tsafta da noma da labaran gwamnati, wani ma'aikaci yana yi wa jama'a bayani da Hausa ta lasifika. Wannan sashe yana da mujallarsa mai suna Colonial Cinema wadda ta riƙa fitowa daga 1942 zuwa 1954. Mujallar ta jagoranci ma'aikatan majigi ne a kan irin fim ɗin da za su nuna da yadda za su nuna shi. Ba a rubuta ta domin mai kallo ba, domin a ganin marubutanta shi abin koyarwa ne kawai.

Hanya ta biyu ita ce gidajen silima na kasuwanci, waɗanda yawancinsu 'yan Labanan suka kafa. Larkin (2008) ya nuna cewa an buɗe silimar Rex a Kano a 1937, sannan gobarar da ta tashi a silimar El Duniya a 1951 ta ci rayukan mutane fiye da 300, abin da ya ƙarfafa ra'ayin masu ganin silima wurin ɓarna ce. Sakkwato ma ta sami nata gidajen, har sunan Sokoto Cinema ya zama sunan da ake kwatance da shi a cikin gari. Fina-finan kaboyi na Amurka da na Indiya, daga baya kuma na Canis, su ne suka cika allunan waɗannan gidaje.

Jagorar mai kallo a wannan zamani ta baka ce. Fastar da aka manna a bango ita ce sanarwa, wanda ya riga kallo kuma shi ne mai sharhi, yana ba da labarin fim a majalisa ko a teburin mai shayi. 'Yan kallo sun laƙaba wa taurarin Indiya sunayen Hausa domin sauƙin ganewa, kamar Sarkin Ƙarfi ga Dharmendra, da Ɗan Daba Mai Lasin ga Sanjay Dutt. Wannan ilimi yana da yawa, kuma ma'abutansa sun ƙware a kansa, to amma da yake a ka yake zaune, yakan tafi tare da mai shi.

2.4 Littattafan Farko a Kan Fim a Nijeriya

A 1975 aka kafa Jami'ar Sakkwato, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. A daidai wannan tsakani ne littattafan farko a kan fim ɗin Nijeriya suka fara bayyana, tare da wasu a kan fim ɗin Afirka. Paulin Vieyra ya fitar da tarihin siliman Afirka da Faransanci a 1975. A 1979 Opubor da Nwuneli suka tace The Development and Growth of the Film Industry in Nigeria, wanda tarin maƙalun wani taron ƙara wa juna sani ne. A wannan shekara kuma gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda ke da mazauni a Jos. Sai 1987, lokacin da The Cinema in Nigeria na Françoise Balogun da Film in Nigeria na Hyginus Ekwuazi suka fito. Bayansu aka sami African Cinema na Manthia Diawara (1992) da Black African Cinema na Frank Ukadike (1994).

Amfanin waɗannan littattafai ga manazarcin Hausa shi ne, sun taskace sunayen fina-finan silima da aka yi a Arewa. A irinsu ne ɗalibi zai ci karo da sunan Adamu Halilu, wanda ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, ya kuma shirya Kanta of Kebbi a 1978 da haɗin guiwar gwamnatin Jihar Sakkwato, a lokacin da ƙasar Kabi take cikin jihar. Duk da haka suna da rauni iri biyu. Na farko, da Ingilishi ko Faransanci aka rubuta su, don haka mai sha'awar fim da bai yi nisa a boko ba ya rasa rabo. Na biyu, hankalinsu ya fi karkata ga Legas da Ibadan da ƙasashen renon Faransa, Arewa kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba.

A ɓangaren Hausa, Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988) ya yi bayanin rubutaccen wasan kwaikwayo, sannan Hausa Metalanguage wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace (1990) ya samar da keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi. Da waɗannan ne ɗaliban Hausa suka riƙa auna fim, wato ta duba jigo da zubi da tsari da salo, kamar dai yadda ake nazarin wasan da ke cikin littafi. Wannan ya sa aka fi mayar da hankali ga labari da maganganun 'yan wasa, aka bar aikin kyamara da haske da sauti da tacewa, alhali su ne suka bambanta fim da wasan daɓe.

2.5 Zamanin Bidiyo: Mujallu da Kundaye

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda masana suka ɗauka a matsayin mafarin fina-finan Hausa na kasuwa. Kafin ƙarshen shekarun 1990 sana'ar ta bunƙasa, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999. Shagunan hayar kaset suka yawaita a Sakkwato kamar sauran biranen Arewa, kallo ya koma cikin gida, mata da yara waɗanda da ba su zuwa silima suka zama manyan masu kallo. Yawan fina-finai ya haifar da bukatar jagora, domin mai haya yana son sanin wanne zai ɗauka.

Mujallu ne suka fara biyan wannan bukata, kuma da Hausa. A 1998 Sunusi Shehu Daneji ya kafa Tauraruwa a Kano, kuma a shafukanta ne kalmar Kannywood ta fara bayyana a 1999. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a Kaduna. Waɗannan mujallu sun ƙunshi hira da 'yan wasa da masu shiryawa, da sharhin sababbin fina-finai, da wasiƙun masu karatu. Ko da yake ba a tsara su kamar ƙamus ba, duk wanda ya tara su bi da bi ya mallaki tarihin masana'antar na wata-wata. Matsalarsu ita ce rashin jerin abubuwan da ke ciki, ta yadda sai ɗalibi ya buɗe fitowa da yawa kafin ya sami bayani ɗaya, ga kuma wuyar samun cikakken jeri a wuri guda.

Ta fuskar hukuma, an kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa a 1993, Jihar Kano kuma ta kafa tata a 2001. A 2002 hukumar ƙasa ta buga Film and Video Directory in Nigeria, wanda ya jera fina-finan da ta tace. Wannan kundi ya fi kowane kusa da littafin jagora na kashi na farko, amma abin da ya biyo ta hannun hukumar kaɗai ya ƙunsa. Fim kamar Turmin Danya ya girmi hukumar kanta.

Manazarta ma ba a bar su a baya ba. A 1997 Jonathan Haynes ya tace Nigerian Video Films, wanda ke ɗauke da maƙalun Brian Larkin da Dul Johnson a kan fina-finan Hausa. A 2003 aka yi taron ƙasa da ƙasa a Kano a kan fina-finan Hausa, wanda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril suka tace maƙalunsa zuwa littafin Hausa Home Videos: Technology, Economy and Society (2004). Sai Signal and Noise na Larkin (2008), da kundin digirin digirgir na Carmen McCain (2014), da African Appropriations na Matthias Krings (2015). Bayyanar intanet ta rage kasuwar jagorar takarda a duniya baki ɗaya, har littafin Maltin ya daina fitowa bayan bugun da aka yi a 2014.

2.6 Matsayin Sakkwato a Cikin Waɗannan Ayyuka

Idan aka dubi ayyukan da aka ambata, za a ga cewa waɗanda suka shafi ƙasar Hausa sun ɗauki Kano a matsayin fagen bincikensu. Wannan yana da dalili, domin can ne cibiyar shiryawa da kasuwanci. Illarsa ita ce, ɗalibin Sakkwato yakan ɗauki tarihin Kano ya ɗora wa garinsu, ya ce ai duk ɗaya ne. Alhali Sakkwato tana da nata abubuwan. A matsayinta na mazaunin Sarkin Musulmi, muhawarar malamai a kan hoto da kallo tana da nata nauyi a nan. Tana kusa da iyakar Nijar ta Illela da Birnin Ƙonni, hanyar da kaya da mutane ke kai da kawo. Haka kuma gidan talabijin na NTA Sakkwato ya gabatar da wasan Idon Matambayi da karin harshen Sakkwatanci, wanda ya yi farin jini a Arewa tun kafin zamanin bidiyo.

Haɗarin rashin rubutu ya fito fili a labarin fim ɗin Shaihu Umar. An daɗe ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya ɓace, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Abin da ya sa aka san darajarsa har aka ceto shi shi ne, littattafai sun ajiye sunansa da na wanda ya shirya shi. Aikin da ba a rubuta sunansa ba, babu mai cigiyarsa, kuma kaset ɗin bidiyo ya fi faifan silima saurin lalacewa a zafi da ƙura irin na Sakkwato.

Saboda haka wannan bincike yana ganin ya kamata a haɗa kai tsakanin Sashen Koyar da Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da gidajen rediyo da talabijin na jiha, a tsara kundin jagora da Hausa. Kundin ya ƙunshi gidajen silima da shekarun buɗe su, da wasannin talabijin da 'yan wasansu, da fina-finan da aka shirya a jihar, tare da hira da tsofaffin ma'aikatan majigi da masu hayar kaset tun suna raye.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda jagorar fim ta taso daga bayanin baka zuwa littattafan Ingilishi da Faransanci, sannan mujallun Hausa da kundayen hukuma da na masana. An kuma nuna cewa rabon Sakkwato a cikinsu kaɗan ne, duk da tsohuwar al'adarta ta taskace tarihin ilimi. A babi na gaba za a dubi hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanan wannan bincike.