Alamar RFID mai batir

Alamar RFID mai batir ƙaramar na'ura ce da ake manna wa kaya domin a gane su daga nesa ta igiyar rediyo, wani lokaci kuma ta auna yanayin da suke ciki, kamar zafi da danshi. A nau'in da ake bayani a kai a nan, batirinta yana kunna ƙwaƙwalwar alamar da ma'aunanta ne kawai. Ba ta watsa saƙo da kanta. Sai na'urar karantawa ta aiko da igiya, sannan ta mayar da ita ɗauke da bayanai. Saboda batirin, ana karanta ta daga wuri mai nisa fiye da alamar da ba ta da shi.

Da yawa daga cikin irin waɗannan alamomi suna aiki a zangon megahaz 860 zuwa 960, bisa ƙa'idar EPC Gen2 da aka amince da ita a watan Disamba 2004. Ana manna su a akwatunan rigakafi da na daskararren abinci, inda suke adana bayanan zafi tun daga ɗakin ajiya har ƙarshen tafiya. Dabarar mayar da igiya da alamar take amfani da ita ba sabuwa ba ce: a 1948 ne wani mai suna Harry Stockman ya wallafa maƙalar da ta bayyana sadarwa ta hanyar mayar da igiyar rediyo.