Tarihin Kiwon Furen Teku a Akwatin Gilashi

Halittar da masana ke kira anemoni, wadda kamanninta suka sa ake ce mata furen teku, dabba ce ba tsiro ba, ko da yake wanda ya gan ta manne da dutse ta baza hannuwanta zai ɗauka fure ne ya buɗe. Jikinta kamar buhu ne mai laushi: a ƙasa akwai faffaɗan tafi da take mannewa da shi, a sama akwai baki guda wanda ta nan take ci kuma ta nan take fitar da abin da ya rage, sannan hannuwa masu ƙananan ƙwayoyin harbi sun kewaye bakin, da su take sumar da abin da za ta ci. 'Yar uwar murjani ce, wato halittar da ake samun jan dutsen adon mata daga wani jinsinta, sai dai ita ba ta gina ƙashi mai tauri. Jinsinta ya haura dubu, kuma kiwonta a gida ya doshi shekara ɗari biyu.

Mutumin da aka fi danganta farkon wannan kiwo da shi shi ne Sir John Graham Dalyell, lauya kuma masanin halittu a birnin Edinburgh na ƙasar Sikotilan. A shekarar 1828 ya ɗauko wata jar anemoni daga gaɓar North Berwick ya sa ta a kwalbar gilashi, ba shi da wata na'ura sai sauya mata ruwan teku a kai a kai da ciyar da ita jefi-jefi. Wannan dabba, da aka yi wa laƙabi da Granny, ma'ana Kaka, ta haifi 'ya'ya ɗaruruwa a cikin kwalbar, ta ga bayan ubangidanta wanda ya rasu a 1851, ta yi ta sauya hannu tsakanin masana har ta ƙare a lambun binciken tsirrai na Edinburgh, inda ta mutu a 1887 bayan kusan shekara sittin a tsare. Abin lura shi ne jinsinta yana zaune ne a bakin gaɓa, inda teku ke tumbatsa ta janye sau biyu a rana, saboda haka ya saba da zafi da sanyi da bushewa, kuma wannan juriya ce ta sa mutanen wancan zamani suka ɗauka anemoni abu ne mai sauƙin riƙo.

Matsalar da ta rage ita ce ta wanda ke nesa da teku, domin ruwan da ke tsaye yakan rasa iskar oksijin ya lalace. A 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta kawo murjani mai rai daga Torquay zuwa Landan, ta riƙe shi shekaru ta hanyar sa a riƙa juya ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan domin ya sha iska. A 1850 masanin sinadarai Robert Warington ya bayyana cewa tsiron ruwa na ba dabba oksijin, ita kuma dabba na ba tsiro abin da yake buƙata, ta yadda za su rayu tare ba tare da sauya ruwa ba. Wanda ya kai wannan ilimi ga jama'a shi ne Philip Henry Gosse, wanda ya taimaka wajen cika tankunan gidan kifi na gidan namun dajin Landan da aka buɗe a 1853, sannan littafinsa na 1854 ya yaɗa kalmar akwariyom, wato akwatin gilashi na kiwon halittun ruwa. Lokaci ma ya taimaka masa, domin an soke harajin gilashi a Ingila a 1845, jirgin ƙasa kuma ya kusanto da gaɓar teku ga mazauna birni. Cikin 'yan shekaru akwatin ya zama abin yayi a falon masu hali, har William Alford Lloyd ya buɗe kanti a Landan yana sayar da tankuna da ruwan teku da anemoni masu rai, Gosse kuma ya wallafa babban littafinsa kan anemonin Birtaniya a 1860.

Yayin bai daɗe ba, amma ɓarnarsa ta daɗe. Ɗan Gosse, marubuci Edmund Gosse, ya koka a littafinsa na 1907 cewa masu tsince-tsince sun wawashe kududdufan duwatsun gaɓar da mahaifinsa ya yi wa kirari.

Zango na biyu na tarihin ya shafi manyan anemonin tekuna masu ɗumi, waɗanda halinsu ya sha bamban da na Kaka. A 1868 Cuthbert Collingwood ya ba da rahoton wani ƙaramin kifi da ya gani a tekun kudancin Sin yana shige da fice tsakanin hannuwan anemoni ba tare da an harbe shi ba, kuma daga baya aka gane cewa jinsi kusan goma ne kacal na anemoni ke karɓar baƙuncin wannan kifi mai ratsin fari. A 1881 Bajamushe Karl Brandt ya bayyana wasu ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ke zaune cikin naman irin waɗannan dabbobi, waɗanda ake kira zuksantela, suna haɗa abinci da hasken rana suna ba mai masaukinsu kaso. Ma'anar wannan ita ce anemonin wurare masu ɗumi tana cin haske kamar yadda take cin nama, amma sai da aka yi kusan ƙarni guda kafin masu kiwo su yi aiki da wannan sani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da jirgin sama da jakar leda suka sauƙaƙa jigilar dabbobi daga Filifin da Indonesiya zuwa Turai da Amurka, akan sa anemoni a tanki mai ƙarancin haske wanda aka ƙawata da busasshen ƙashin murjani, sai ta yi fari, ta yi ta ƙanƙancewa har ta mutu cikin watanni.

Gyara ya zo ta hanyoyi biyu. A 1961 Lee Chin Eng na Jakarta ya bayyana tsarin da ya dogara da dutse mai rai, wato gutsuren dutsen murjani da aka ɗauko da ƙwayoyin bakteriya da sauran ƙananan halittun da ke tace ƙazantar ruwa. Daga shekarun 1970 kuma Peter Wilkens da masu kiwo na birnin Berlin suka haɗa wannan dutse da fitilu masu ƙarfi da na'urar kumfa, wadda ke kwashe dattin jikin dabbobi kafin ya ruɓe. Daga nan ne tanki ya fara kama da ainihin mazaunin murjani.

Ƙa'idojin karɓar sabuwar anemoni da ake bi a yau daga asarar waɗancan shekaru aka tsamo su. Ba a sa ta sai tanki ya yi aƙalla wata shida zuwa shekara yana aiki, domin sabon tanki ruwansa ba ya tsayawa kan hali ɗaya; ana riƙe gishirin a kan kusan giram 35 cikin kowace lita, zafin kuma tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyos; ana saba mata da sabon ruwa da ɗigo-ɗigo, a kiyaye tafinta kada ya yage, domin raunin tafi yakan zama ajalinta. Ita ke zaɓen mazauninta, tana jan jiki har ta sami haske da motsin ruwan da suka yi mata, shi ya sa ake rufe bakin famfo da raga kada ya zuƙe ta, kuma tilasta mata zama inda mai ita ke so ba ya haifar da komai sai wahala. Ana ba ta ɗan gutsuren jatan lande ko kifi bayan ta zauna. Baki a wangale da jiki mai saɓulewa alamar ciwo ne, farin da ke burge mai saye kuma yawanci shaida ce ta rasa gansakukarta, kuma idan ta mutu ba a cire ta da wuri ba takan ɓata ruwan tankin gaba ɗaya.

Fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya ƙara wa kifin nan mai ratsin fari da anemoninsa farin jini, alhali manyan anemoni dabbobi ne masu tsawon rai da jinkirin maye gurbi, kuma cire guda daga teku yana nufin raba kifaye da gidansu. Jinsin da ake kira Entacmaea quadricolor, mai kumburarrun kawunan hannuwa, yakan rabe gida biyu a cikin tanki, har masu kiwo suna samun 'ya'yansa daga juna ba tare da an taɓa teku ba. Wannan jinsi, wanda aka haifa a tanki, shi ne ya fi dacewa da mai fara kiwo, sauran kuwa barinsu a teku ya fi.