TARIHIN KYAMARAR DA KE GANO KANSA TUN KAFIN TA ZAMA KANSA

 Yau ba gyaran waya za mu yi ba, tarihi ne, amma na kyamara, 'yar uwar wadda ke bayan wayarka.

Bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki yakan lalace a hankali idan ƙwannafi ya daɗe yana ƙona shi. Fatar cikinsa sai ta canja, abin da likitoci ke kira cutar Barrett, daga sunan Norman Barrett, likitan tiyata a Landan da ya yi rubutu kan lamarin a 1950. Ba kansa ba ce, amma a jikin wasu takan koma kansa. Matsalar ita ce, ta yaya za a gani da wuri?

A 1868 wani likita a Jamus, Adolf Kussmaul, ya nemo ɗan wasan da ke haɗiye takobi, ya zura masa miƙaƙƙen bututun ƙarfe mai tsawon santimita 47. Bututu ya shiga, amma haske ya gaza, bai ga abin kirki ba.

A 1950 kamfanin Olympus na Japan ya ɗaura ƙaramar kyamarar fim a bakin bututu. Sai dai a makance ake ɗaukar hoto, sai an wanke fim a ga abin da aka samu. A 1957 Basil Hirschowitz a Amurka ya haɗa bututu mai lanƙwasa da zarurrukan gilashi masu kai haske, kuma shi ya fara haɗiye shi da kansa kafin ya gwada wa mara lafiya. A 1983 kamfanin Welch Allyn ya sa sensar CCD a bakin bututun, hoto ya koma kan allo, kowa a ɗakin yana gani.

Duk da haka da farin haske wurin da ya fara ɓaci yakan saje da mai lafiya. Shi ya sa likita kan tsinko nama daga kusurwa huɗu a kowace santimita 1 ko 2, kamar mai lalube a duhu.

A nan dabarar NBI ta shigo, wadda Olympus ta fitar a shekarun 2000. Maimakon farin haske, sai a tace shi a bar shuɗi da kore kawai, masu tsawon zango nanomita 415 da 540. Jini yana shanye waɗannan launuka, sai ƙananan jijiyoyin jini su fito duhu-duhu. Inda suka karkace ko suka hargitse, nan za a tsinka a kai gwaji. Akwai kuma fesa ruwan aidin: fata mai lafiya ta yi duhu, mai matsala ta ƙi kama launi. Masu gyara za su gane, kamar yadda muke shafa hayaƙin rozin a kan bod, inda ya narke nan shot ɗin yake.

Amfanin duk wannan, idan an gano da wuri ana iya kankare wurin ko a ƙona shi ta cikin bututun, ba sai an yanka mutum ba.

Don haka ɗan uwa, idan ka shekara da shekaru kana fama da ƙwannafi kana ta shan magani daga kemis, ko abinci ya fara maƙale maka, ko kana ramewa ba dalili, je asibiti ka ga likita. Kada ka jira.

Allah Ya ba mu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.